Yadda Na Zama Mai Motsi a Jibiya

A Jibiya idan aka ce mutum yana da motsi, ba ana nufin ya haukace ba ne. Mahaukaci kowa ya san shi, ba ya bukatar a nuna. Mai motsi kuwa yana bin sahu a masallaci, yana biyan gaisuwa, yana da mata da 'ya'ya, wani ma har da shago. Abu guda ne kawai a tare da shi ya kauce wa na jama'a, kuma ya ƙi komawa. Tun ina yaro akwai wani tsohon direba a unguwarmu mai ɗaura agogo biyu, ɗaya a kowane hannu. In ka tambaye shi sai ya ce na dama lokacin Najeriya ne, na hagu na Nijar, alhali kowa ya san ƙarfe bakwai a Jibiya ƙarfe bakwai ne a Maraɗi. Ban da wannan ba ka kama shi da komai. Shi ne mutum na farko da na ji an ce motsi gare shi.

Kalmar tana da ladubbanta. Ba a faɗa wa mutum ita a gaban idonsa. Ana sassauta murya, wani lokaci a ɗan taɓa gefen kai da yatsa. In aka ce "ɗan motsi", da ƙauna a ciki. In aka ce "ya samu motsi", to da lafiyarsa lau, daga baya abin ya zo. Samarin tasha da na gareji suna da nasu, su ce ba saiti, ko su ce noti ya kwance, amma waɗannan na dariya ne, kana iya jefa wa abokinka ya rama. Motsi da tausayi ake faɗinta, kuma ba a rama tausayi.

Na san duk wannan domin Hausa nake koyarwa a makarantar sakandare, shekaru masu yawa, kuma irin waɗannan kalmomi su ne abin shaƙatawata. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana zan san kalmar daga ciki ba.

Abin ya faro ne daga asibiti a Katsina. Na daɗe ina fama da ƙishirwa da kasala, da aka auna jini likita ya ce ciwon suga ne. Ya rubuta magani, ya hana ni shayi mai zaƙi da cika ciki da tuwo, sannan ya dubi tumbina ya tambaye ni yaushe rabona da tafiyar ƙasa. Na ce ina da babur.

"Babur ɗin ne ya kawo ka nan," in ji shi. "Kullum da safe ka fita ka yi tafiya da sauri, kana wurga hannu, sai ka yi gumi."

Da na dawo gida maiɗakina kaɗai na faɗa wa, na kuma ja mata kunne kada kowa ya ji, ko Inna mahaifiyata da ke sashenta a cikin gidan. Ina ganin ciwon kamar wani abin fallasa. Na sha jin yadda ake maganar masu shi a majalisa, ana cewa wane ya zama fanko, sai riga. Ban so a yi da ni haka.

Gidanmu yana gefen gari, kusa da titin da ya miƙe zuwa bakin iyaka. Hanyoyin gona ba su biyuwa yadda ake so tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukanmu, saboda haka titin na zaɓa, inda mutane suke. Na sayi takalmin kambas na gwanjo a kasuwa. Bayan sallar asuba sai in ɗaura shi a ƙarƙashin kaftanina in kama hanya.

Wanda bai san titin nan ba zai yi wuya ya gane laifina. A kansa babu mai tafiya hannu rabbana. Babura na wucewa da jarkokin fetur an ɗaure su har direba ba ya ganuwa. Manyan motoci na jere da buhunan masara da gero suna jiran a sallame su. Mai kora shanu yana kora, mai tura baro yana turawa, mata na ɗauke da ƙwaryar nono. Kowa da abin da ya fito da shi, kowa da inda za shi. Sai ga malamin makaranta, mai babur a gida, yana zabga sauri yana wurga hannuwa, ya je dab da shingen jami'ai, ya juyo, ya koma inda ya fito ba tare da ya sayi ko allura ba.

Kwanakin farko 'yan kabu-kabu sun yi ta tsayawa.

"Malam, mashin ɗin ya lalace? Hau in kai ka."

"A'a, na gode. Motsa jiki nake."

Akwai wani mai shayi da ke da tebur a gindin dalbejiya, wajen da motoci ke layi. Da ina tsayawa wurinsa. Ranar da ya kira ni na ce masa na bar shan shayi, motsa jiki nake yi yanzu, sai ya tsaya da ludayi a hannu ya dube ni tun daga hula har kambas.

"To, Malam," ya ce, "Allah ya sa motsin ya tsaya a jiki."

Na yi dariya, har na yaba masa a raina da iya magana. Na wuce abina.

Dole in faɗi gaskiya, ba tafiyar kaɗai ba ce. Ina ɗan taɓa rubuta waƙa, kuma tafiya tana buɗe kai. Baiti ya zo mini sai in riƙa maimaita shi a fili ina ƙirga gaɓoɓinsa da yatsu, don in ji ko ya hau kari. Sannan ga rubutun da ake yi a bayan manyan motoci. Na daɗe ina sha'awarsa, yanzu kuma ga su a jere kullum, na Kano da na Maraɗi da na Damagaram, kowace da abin da mai ita ya zaɓa ya gaya wa duniya. Sai na fara ɗaukar hotonsu da waya, da niyyar in yi wa ɗalibaina darasi a kai. In rubutun ya yi daɗi nakan tsaya a bayan motar in karanta shi da ƙarfi, in gyaɗa kai, wani lokaci in yi dariya.

Alamu sun yi ta zuwa, ni ne ban karanta ba. Kunun da ake kawo mini daga sashen Inna ya fara ɗanɗanon tawada. In na je gaishe ta sai ta kama kaina ta yi ta tofi, abin da rabonta da yi tun ina saurayi. A makaranta shugabanmu ya ɗauke mini tsayuwa gaban ɗalibai a taron safe, ya ce in huta. Na ɗauka girmamawa ce. Jikina kuma yana ta yin daɗi, ƙishirwar ta ragu, wando ya fara yi mini yawa. Ramar ma ashe ana lissafa ta cikin alamun.

Ranar da abin ya faru farkon damina ne, an yi ruwa kafin asuba, ƙasa tana ƙamshi. A 'yan kwanakin an tare wata motar hatsi a daji, an tafi da direba da yaransa, gari ya cika da maganar cewa akwai mai ba ɓarayin labari daga cikin tasha. Saboda haka aka ƙaro 'yan sintiri daga ƙauyukan wajen Daddara da Kusa, mutanen da ba su san ni ba. Na ji duk wannan a masallaci, amma ban ga ta inda ya shafe ni ba.

Ina tsaye bayan wata mota na ɗaga waya, sai na ji an riƙe mini hannu ta baya. Kafin in juya an fizge wayar. Su uku ne, da gorori, ɗaya da bindigar toka a kafaɗa. Babbansu wani dogo ne mai tabo a haɓa.

"Hoton mi kake ɗauka?"

Na ce rubutun bayan motar.

Ya ba wani saurayi wayar ya ce ya buɗe. Saurayin ya yi ta turawa da yatsa, mota bayan mota, kowace ga lambarta ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin rubutun. Ni ban taɓa lura da lambobin ba sai a ranar.

"Wa kake aika ma wa?"

"Ba kowa. Ni malami ne. Karin magana nake tarawa."

Wani a cikin waɗanda suka fara taruwa ya yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji. Aka ce in zauna. Na nemi benci da ido, aka danna kafaɗata na zauna a ƙasa, cikin caɓi, na jingina da tayar motar. Hulata ta faɗi, ba wanda ya ɗauko. Mutane suka yi ta ƙaruwa, direbobi da 'yan dako da masu fetur, na fara jin kalmar infoma tana yawo daga baki zuwa baki. Na san abin da ake yi wa wanda aka kira da wannan suna a ƙasarmu, na san kuma ba a cika jiran hukuma ba. Na yi ƙoƙarin bayani, amma abin da ke fitowa Hausar aji ce, dogayen jimloli masu "bisa la'akari da", waɗanda ni kaina na ji ba su yi kama da maganar mai gaskiya ba. Wani ya ɗaga gora ya ce a bar ɓata lokaci.

Sai na ji an ce, "Ku dakata."

Muryar na sani, kuma da a ce an ba ni zaɓi a lokacin, ban san ko zan zaɓi gorar a kanta ba. Surukina ne, mahaifin maiɗakina. Dattijo ne dillalin hatsi, yana da rumfa a nan bakin tasha tun kafin a haife ni. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In zan gaishe shi daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa. Duk tafiyar da nake yi, in na zo saitin rumfarsa tsallaka titi nake in bi ta bayan motoci. Ga shi yau ya same ni zaune a taɓo, kai ba hula, an kewaye ni kamar ɓarawon akuya.

Mutane suka buɗa masa. Bai dube ni ba. Ya tsaya gaban dogon nan ya dogara sandarsa.

"Wanga surukina ne. Ɗiyata ke ɗakinshi, jikokina na gidanshi. Malamin makaranta ne, ubanshi ma mun yi zama da shi. Ba ɓarawo ba ne, bai san ɓarayi ba." Ya sassauta murya, amma ba yadda na kusa ba za su ji ba. "Lalura ce. Motsi gare shi."

Ya ɗaga yatsa ya taɓa gefen rawaninsa.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau in na tuna nake jin zafi a bayan wuyana. Kamar an buɗe famfo. Mai shayi ya matso ya ce wallahi gaskiya ne, kullum sai ya wuce yana magana shi kaɗai. Mai faci ya ce ya sha ganina ina ƙirga iska da yatsu. Wata mai ƙosai ta ce ran nan da idonta ta ga na tsaya ina gaida mota, motar ba kowa ciki, har ina yi mata dariya. Wani ɗan kabu-kabu ya ce ya yi ya yi in hau mashin kyauta na ƙi. Wani da ban taɓa gani ba ya ce ai karatu ne ya yi mani yawa, an ce tun a Zariya abin ya fara. Ban taɓa karatu a Zariya ba. Kowa yana kawo tasa shaidar da zuciya ɗaya, don ya cece ni, kuma babu wanda ya yi mamaki. A nan na gane ba yau aka yanke hukuncin ba. An daɗe da gamawa, ni kaɗai ne ba a sanar wa ba.

Dogon ya tsuguna a gabana. Fuskarsa ta sauya gaba ɗaya.

"Malam, haka ne? Ba ka jin daɗi?"

Ina da amsa. Katin asibiti yana gida a aljihun wata riga. Da na iya cewa ciwon suga gare ni, likita ne ya sa ni, hankalina ya fi na kowa a nan. Amma hakan ba zai bayyana hotunan ba, kuma mai gorar nan bai gama sauke ta ba. Na sunkuyar da kai. Na gyaɗa shi.

"Allah sarki," in ji dogon. "Allah ya ba da lafiya." Ya sa aka goge hotunan, ya miƙa wayar, ba gare ni ba, ga surukina. "Baba, a riƙa kula da shi. Kar a bar shi yana fita shi ɗai, lokacin ba shi da kyau."

Wani ya ɗauko hulata ya karkaɗe ya ɗora mini a kai da hannunsa, a karkace. Mai ƙosai ta ƙunsa ƙosai a takarda ta danƙa mini a tafi, ta ce sadaka ce, Allah ya yaye. Na karɓa.

Surukina ya kira mashin. Na zaci zai sa a kai ni ne ya koma rumfarsa. Sai ya ce in hau, shi kuma ya tattare babbar rigarsa ya hau bayana, aka sa ni a tsakiya yadda ake yi wa marar lafiya don kada ya faɗo. Ƙirjinsa a bayana, hannunsa ɗaya riƙe da kafaɗata, taɓon rigata yana shafar tasa. Haka muka ratsa titin, mutane na ɗaga masa hannu. Har muka iso ƙofar gida ko numfashi a hankali nake yi. Ya sauka, ya ba ni wayata, ya ce a gaida yara, ya hau suka juya.

Labari ya riga ni shiga gida. Na tarar da maiɗakina tsaye a tsakar gida da mayafi a hannu, za ta fita nemana. Na wuce ta na shiga ɗaki, ta biyo ni.

"Kin sani?" na ce.

"Na san me, Malam?"

"Abin da ake cewa."

Ta zauna a bakin gado. Ta ce ta sani tun watan farko. A gidan suna aka fara yi mata jaje. Matan unguwa sun kawo mata sunayen masu magani har na cikin Nijar. Mahaifinta ya aiko ƙanwarta ta tambaye ta a asirce ko ina dukanta, ko tana son ta dawo gida ta ɗan huta, ta ce a gaya masa lafiya lau take zaune.

"Me ya hana ki faɗa musu gaskiya?"

"Kai ka ce ko Inna kada ta ji."

"To ni me ya hana ki faɗa mini?"

Ta dubi ƙunshin ƙosan da har lokacin yake hannuna. "Na ga kana samun sauƙi," ta ce. "Na san in ka ji za ka daina."

Watanni tana shiga cikin mata ana kallonta a matsayin matar mai motsi, tana da maganar da za ta wanke mu duka a bakinta, ta riƙe saboda na ce ta riƙe.

Da yamma na ɗauki katin asibitin na shiga wurin Inna, na faɗa mata komai. Ta saurara tana jan carbi. Da na gama ta ce, "Suga? Shi ne abin ɓoyo? Ciwon da rabin Alhazan garin ga ke da shi?" Ta yi ta faɗa, ta ce na sa ta yi ta sayen rubutu tana zuba mani a kunu a banza. Na ji sanyi a raina, na ce ko ba komai an gama da nan. Na yunƙura zan tashi sai ta ce, "To shi likitan ne ya ce ka riƙa ƙirga yatsu?"

Na ce a'a, wannan waƙa ce.

"Uhm," in ji Inna. Washegari kunun ya zo da ɗanɗanonsa na tawada.

Zuwa wurin surukina ya fi komai wuya, amma ba makawa. Na bari sai da ya koma gida, na same shi a zaure, na durƙusa daga bakin ƙofa. Na yi godiya, sannan na yi bayanin ciwon da maganar likita, idona a kan tabarma. Ya bari na kai aya.

"Malam," ya ce, "da na ce masu lafiyarka lau, mi zan ce game da hotunan?"

Na ce haka ne, Baba.

"To." Ya gyara zama. "Allah ya ƙara sauƙi. Amma maganar nan da kake yi kai ɗai bisa hanya, a rage ta."

Na fito ban san ko dabara ya yi a tasha ba, ko kuwa abin da ya yi imani da shi ya faɗa. Har yau ban sani ba, kuma ba tambayar da ake yi wa suruki ba ce.

Na daina fita. Makaranta da masallaci kawai, a kan babur, kaina a ƙasa. Na gwada yin tafiyar a tsakar gida, ina kewaya bishiyar lemun da ke tsakiya, kaji na watsewa, yara na leƙe ta taga. Ban jima ba na bari, domin a nan ne na fara jin kamar maganar mutane tana neman zama gaskiya. Ƙishirwar ta dawo. Tafin ƙafata ya fara yi mini kamar ana tsira allura. Da na koma asibiti likita ya dubi sakamakon ya tambaye ni ko na gaji da ƙafafuna ne.

Maiɗakina ce ta samo mafita. Tana da wani ɗan rago da take kiwo a bayan ɗaki. Wata safiya na dawo daga masallaci na tarar ta ɗaura masa igiya tana jirana a zaure.

"Ba wanda zai tambayi mai jan rago ina za shi," ta ce.

Na tsaya ina dubanta, ina duban ragon. Na karɓi igiyar. Kambas ɗin na bar shi, na sa silifas irin na kowa, waya kuma na bar ta a gida.

Ta yi gaskiya. Ba ɗan kabu-kabun da ya sake tsayawa. Gaisuwa ta koma "Malam, ana kiwo?", in ce ana taɓawa. Wasu su taya, in ce ba na sayarwa ba ne. Dogon ɗan sintirin nan ma mun haɗu, ya shafa bayan ragon ya ce madalla, dabba tana ɗebe kewa. Ragon da fari turjewa yake, daga baya ya saba har shi ke jana. Sai dai duk dusar da ake ba shi ba ta zama a jikinsa. Ragunan maƙwabta suna ta yin kitse, nawa ya zama dogo siriri mai ƙwarin ƙafa kamar barewa.

Kalmar kuwa ba ta tafi ba. Na faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare cewa suga ne, a masallaci, a ɗakin malamai, har a wurin mai aski. Kowa sai ya ce Allah sarki, ai mun sani, Allah ya ƙara lafiya, da irin muryar da ake lallashin yaro. Ba wanda ya taɓa yi mini rashin mutunci. Ana ba ni wuri a inuwa, ana riga ni gaisuwa. Amma da maƙwabcina zai sayar da filinsa ya zo ya kira ni shaida, muna tsaye sai wansa ya ja shi gefe suka yi ƙus-ƙus, ya dawo ya ce in koma in huta, sun tuna akwai wani. Kwamitin gyaran masallacin unguwa da nake rubuta musu bayanin taro sun daina aiko mini. In na faɗi ra'ayi a majalisa, ko mai kyau ne, sai a yi murmushi a ce Malam ke nan, a ci gaba da magana daga inda aka tsaya.

Bayan wani lokaci wani Alhaji mai motocin hatsi ya yi sallama da ni bayan la'asar. Babban mutum ne a tasha, ban taɓa zaton ya san ƙofar gidana ba. Muka zauna a zaure, ya yi ta kewaye-kewaye, damina, tsadar taki, halin hanya. Can ya leƙa waje ya ga ba kowa, ya matso.

"Malam, an ce kai ma suga gare ka."

Na ce haka ne.

"Kuma tafiyar tana yi?"

Na ce tana yi ƙwarai.

Ya ce shi ma an faɗa masa, har an fara maganar ƙafarsa ta hagu. Yana so ya riƙa bina, in ba damuwa. Na ji wani irin daɗi da na daɗe ban ji ba. Na ce a raina, in aka ga Alhaji a kan titi, mutumin da rabin tasha ke ci a ƙarƙashinsa, dole a sake lissafi.

Da safe ya zo cikin babbar riga da takalmi sau-ciki. Muka kama hanya, ni da shi da rago. Tun daga kwanar farko ya ciro waya ya kara a kunne, yana ta "to, to, a loda", na kuwa ga fuskar wayar a kashe take. Yana haki, gumi na bin wuyansa, amma yana ƙoƙari. Muka iso wajen layin motoci. Yaransa na tasha suka miƙe tsaye suna kallo. Mai shayi ya ajiye ludayi, ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya daɗe a kan Alhaji.

"Alhaji, barka da asuba," ya ce a hankali. "Lafiya dai ko?"

Alhaji ya tsaya cak. Ya sauke wayar daga kunne. Na ga idonsa yana bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Lafiya lau," ya ce da ƙarfi. "Ragon Malam nake tayawa, ya ƙi sallamawa." Ya juyo gare ni ba tare da ya dube ni ba. "To Malam, ka yi shawara. In ka sauko ka aiko."

Ya ɗaga wa wani mashin hannu, ya hau, suka yi cikin gari.

"Kar ka sayar, Malam," in ji mai shayi. "Ka saba da abinka."

Na ce ba zan sayar ba. Ragon ya ga ɗanyar ciyawa a bakin kwalbati ya ja ni can, na tsaya riƙe da igiya, bakina a rufe kada wani baiti ya suɓuce, har ya gama.